Jar Dara a Zangon Ɗorawa

Shekarar da aka aske mini kai ita ce shekarar da kawuna ya shiga soja. Babu abin da ya haɗa askin da sojan, amma ni ban taɓa iya ba da labarin ɗaya in bar ɗayan ba.

Makero ne ya kama ni. Ya fara daga ƙeya kamar wasa, kafin a ankara ya cinye rabin kaina. Kaka, wadda ta yaye ni kuma nake hannunta a cikin garin Gaya, ta shafa duk abin da ta sani bai ji ba, ƙarshe ta kira wanzami ya kwashe gashin tas. Daga nan ta ja ni asibitin sha-ka-tafi, malamin asibiti ya ɗauko wani shuɗin magani ya lafta mini tun daga goshi har ƙeya, ya ce a riƙa shafawa kullum. Da na leƙa madubi sai na ga ƙwaryar da aka tsoma a marina. Shekaruna ba su wuce sha biyu ko sha uku ba a lokacin, daidai sa'ad da sa'o'ina suke gasar kitso. Na yi kuka har muryata ta dushe. Tun daga ranar ɗankwali bai sake barin kaina ba, da shi nake yini, da shi nake kwana. Wata 'yar maƙwabtanmu ta taɓa kai hannu za ta fizge shi a bakin rijiya, wai so take ta gani. Ƙasa ta gani, don kayar da ita na yi na hau ruwan cikinta, sai da manya suka ɓamɓare ni. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba, har yau kuma ban koya ba.

Sana'ar Kaka daddawa ce. Duk wanda ya ci kasuwar Gaya a wancan zamani ya san faifanta, tun daga nesa hanci yake kai mutum. 'Ya'yanta maza sun sha cewa ta huta su ciyar da ita, ita kuma ta sha gaya musu cewa ranar da ta zauna tana jiran a miƙo mata tuwo, ranar su fara neman likkafani. To amma daddawa ba ta yiwuwa sai da kalwa, kalwa kuma sai da ɗorawa, Kaka kuwa ba ta da ko itace ɗaya a gona. Duk kalwar shekararta daga bishiya guda take fitowa, wata ƙatuwar ɗorawa da ke can ƙuryar gandun dajin hukuma, tsakanin Gaya da Ajingi. Kafin a shata gandun, wurin gonar mahaifinta ne, a gindin bishiyar nan ta yi wasan ƙasa. Bayan an shata sai ta zama ta kowa, kamar sauran.

Ga yadda ake yi. Babu mai taɓa ɗorawar gandu sai ta nuna an yi shelar ranar saki, can cikin bazara. Jajiberin ranar kowa yakan je ya kwana a zangon da hukuma ta share a bakin dajin. Malamin daji yakan zaga da yamma ya tabbatar babu wanda ya sa wa wata bishiya alama a ɓoye, daga nan ba mai ƙetare iyakar zango sai da safe. Bayan asuba a jera masu gudu, ya duba abin da ke kan kowa, hula ce ko ɗankwali, sannan ya busa usur. Duk wanda ya fara rataya abin da ke kansa a jikin bishiya, 'ya'yanta na wannan shekara nasa ne, amma sai ya tsaya a gindinta abin yana rataye har malamin ya zo ya gani da idonsa. 'Yan mata kan yi gudun, amma zuwa ƙananan itatuwan da ke kusa. Manyan na ciki aikin samari ne.

Shekara da shekaru kawuna, autan Kaka, shi yake yi mata gudun, kuma ba a taɓa riga shi ba. Wata tsohuwar jar dara gare shi, ta koɗe har ta fara komawa ruwan goro, ita yake ratayawa. Da yaƙi ya ɓarke aka zo ɗaukar soja, ya bi mota ya tafi, ya bar darar a kan ƙusa. Kaka ta ɗauke ta ta sa a adudunta, bini-bini ta fito da ita ta kakkaɓe ta mayar. Labarinsa kuwa shiru kake ji. Babana ya tafi ci rani, ƙannena maza ko wando ba su iya ɗaurawa ba.

Ranar da aka yi shelar saki, Kaka tana tankaɗe ta ce, kamar da bango take magana, “Bana dai wasu za su ci ɗorawar ubana.”

Na ce, “Ina raye?”

Ta dube ni sama da ƙasa. “Ke, ƙawata, da waɗannan ƙafafun naki kamar sillen kara?”

“Da su nake kamo miki akuyarki in ta tsinke.”

Sai ta ce, “Kin manta abin da ake ratayawa?”

Wallahi na manta. Hannuna ya kai kan ɗankwalina ban sani ba. Kaka ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da jar darar nan ta kifa mini a kan ɗankwalin, ta danna ta zauna daram. Ta ce doka cewa ta yi abin da ke kanka, ba ta ce guda nawa ba. Darar za a rataya kamar kullum, ɗankwali kuma ya zauna inda yake.

Muka ari jaki a maƙwabta, muka ɗora masa tabarma, tukunya, buhuna da ɗan garin dawa. Kaka ta riƙe maƙatarta, doguwar sandar nan mai ƙugiya da ake fizgo ɗorawa da ita, tana dogarawa saboda gwiwoyinta. Muka fita da sanyin safiya, rana ta tsare mu a hanya muka yi ƙailula a gindin wata kuka, sai da la'asar ta yi sanyi muka isa.

Ban taɓa kwana a wajen gida ba sai ranar, saboda haka komai na zangon nan yana nan a idona. Fili ne shararre a ƙarƙashin manyan tsamiyoyi da maɗatai, an zagaye shi da duwatsun da aka shafa wa farar ƙasa. Akwai rijiyar siminti a tsakiya, akwai murhuna da aka jera nesa da ciyawa, don ba a yarda a hura wuta a wajen fararen duwatsun nan ba, balle a bazara da daji yake jiran ƙyastu. Mutane sun zo daga Ajingi, daga Balan, har daga Kademi, kowa ya kama gindin itace ya shimfiɗa. Matan Fulani suna zagawa da fura da nono. Jakuna an ɗaure su gefe guda suna ta musayar kuka. Daga bayan duwatsun kuma dajin ne, duhu-duhu tun rana ba ta faɗi ba, yana fitar da wani sanyi mai ƙamshin ganye da ban san shi a cikin gari ba.

A wani gefe akwai wasu 'yan makaranta samari da malaminsu, daga birni, sun kafa tanti. Mu ba mu taɓa ganin ɗakin tufa ba sai na masu yin lambar rigakafi, don haka yara suka yi musu zobe. Kaka ta tambayi ɗaya daga cikinsu wace bishiya za su yi wa gudu. Ya ce su ba ɗorawa ta kawo su ba, sun zo ne kawai su kwana a daji su sha iska.

Kaka ta ce, “Ɗan nan, kuna da ɗaki a garinku?”

Ya ce akwai.

“Da gado?”

Ya ce har da katifa.

Ta riƙe haɓa ta ce, “Ikon Allah. To Allah ya ba ku lafiya.” Har muka bar wurin tana waiwayensu cikin tausayi.

Muka sami gindin wata tsamiya muka sauke. Na ɗebo ruwa, na tsinto ƙirare a cikin zango, Kaka ta ɗora tuwo. Da ta zo kaɗa miyar kuka sai ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙwayar daddawa guda, ta ce ita ce ta ƙarshe a cikin na bara, daga ita tukunyar ajiya ta zama fayau. Ta marmasa ta duka a miyar. Kafin magariba ƙamshin nan ya gama zango. Sai ga mutane suna ratsowa ta wurinmu, wannan ya ce wuta ya zo ɗiba, wancan ya ce gaisuwa ya zo, kowa kuma da ɗan ƙoƙo a bayansa. Kaka ta yi ta zubawa. Ni kuwa sai harare-harare nake, ina ganin miyarmu tana tafiya.

Cikin masu ƙoƙon akwai wani dogon saurayi ɗan Balan. Na san shi a bakin Kaka tun kafin in gan shi, don shi ne kullum yake zuwa na biyu a bayan kawuna. Ya durƙusa ya gaida Kaka da ladabi, ya cinye tuwonsa ya suɗe hannu, sannan ya ce, “Iya, ina sojanmu? Shiru?”

“Yana hannun Allah.”

“Allah ya dawo da shi lafiya. To bana sai dai ki zo Balan sayen kalwa. Kada ki damu, zan yi miki sauƙi.”

Kaka ta ce, “Ai ina da mai gudu.” Ta nuna ni da ludayi.

Ya juyo ya dube ni, ya dubi ƙafafuna, ya tuntsire da dariya har yana dafa ƙasa. Ya ce, “Iya, wannan ai in na yi atishawa sai ta faɗi.”

Na ce, “Ka ci tuwonmu kana yi mana dariya? Ajiye mana ƙoƙo ka tashi.”

Ya ce, “Af, ƙoƙon ai nawa ne, 'yar ƙanwata.” Aka sake kwashewa da dariya. Na tashi zan yi kansa, Kaka ta riƙo zanena ta zaunar da ni. Ta ce masa, “Je ka kwanta, samari. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.”

Bayan isha malamin daji ya dawo daga zagayensa a kan keke, cikin kakinsa, ya tsaya a bakin rijiya ya maimaita dokokin da kowa ya sani. Hira ta ɗan yi tsawo, 'yan makarantar nan suna ta waƙe-waƙe a bakin tantinsu, sannan wuta ta fara mutuwa murhu bayan murhu. Kaka ta ja ni bayan kayanmu inda ba mai gani, ta kwance ɗankwalina ta shafa mini maganin, ni ina ta cewa ta yi sauri. Da ta gama na ɗaure shi tamau, na ƙulla na sake ƙullawa, don tsoron kada ya zame ina barci a tsakiyar mutane.

Sai ta share ƙasa kusa da garwashi, ta ɗauki tsinke ta fara zane. Ta ce samari duk gwadabe za su bi, hanyar da aka share don tare gobara, ita kuwa zagaye take yi mai nisa kafin ta kai bishiyar. A nan ba zan taɓa kama ɗan Balan ba ko da ƙafa huɗu gare ni. Amma in na ga wani dogon suri a hannun hagu, in saki gwadaben in gangara. Zan tarar da kwari wanda sarƙaƙiya ta rufe. A ƙarƙashin ƙayar nan akwai 'yar hanyar da suke bi suna yara, daga gona zuwa rafi. Babba ba zai shiga ba, amma mai jikina za ta iya in ta sunkuya. Da na fita ɗaya gefen zan ga bishiyar a gabana.

Na ce, “Kaka, yaushe rabonki da hanyar?”

Ta ce, “Tun kafin in haifi mahaifiyarki.”

“To in ta toshe fa?”

“In ta toshe ki dawo. Kada ki yaga mini jikinki a kan kalwa.” Ta shafe zanen da tafin hannu. Can kuma ta ce, a hankali, “Ba kalwar kaɗai ba ce, ƙawata. Gani nake in aka wayi gari darar nan ba ta hau bishiyar ba, kamar mun yarda ba zai dawo ba ne.”

Ban taɓa jin Kaka ta yi irin wannan magana ba. Tsoro ya kama ni, ba na kura ba, ko da yake ita ma mun ji kukanta can nesa har jakuna suka yi ta tirje-tirje. Na kwanta a kan tabarma ina kallon taurari ta tsakanin ganyen tsamiya, zafi na tasowa daga ƙasa, sauro na kuka a kunnena. Duk sa'ad da na buɗe ido sai in ga Kaka a zaune da darar a cinyarta, tana jan carbi. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba.

Wani malami daga Ajingi ne ya kira sallar asuba. Aka yi salla, gari ya fara washewa, masu gudu muka jeru a bakin fararen duwatsu. Na tamke zanena sama da gwiwa, Kaka ta kifa mini darar ta danna. Malamin daji ya bi layi yana duba kan kowa. Da ya zo kaina ya tsaya.

“Ke kuma kai biyu gare ki?”

Kaka ta amsa daga baya, “Ranka ya daɗe, ɗaya na sojana ne, ɗaya nata.”

Ya yi murmushi ya ce, “Na gani. Jar dara da ɗankwali mai ɗigo-ɗigo. Duk wanda na tarar a cikinsu na karɓa.” Ɗan Balan yana can ƙarshen layi yana miƙe-miƙe, ya ɗago mini hannu. Na murguɗa masa baki.

Usur ya tashi. Kai! Ban san mutane suna da gudu haka ba. Kafin in ɗaga ƙafa sau goma samarin nan sun yi mini fintinkau, ƙeyarsu kawai nake hangowa. 'Yan mata suka watse zuwa ƙananan itatuwa suna ihu. Ni kaɗai na rage a gwadabe, hannu ɗaya a kan dara, ina gudu ina zare ido. Har na fara cewa Kaka ta ruɗe, sai ga surin nan, dogo, a hagu kamar yadda ta ce. Na saki hanya na gangara.

Kwarin yana nan, sarƙaƙiyar ma tana nan, ta yi kauri ta haɗe kamar shingen da aka yi da gayya. Na yi sama na yi ƙasa ban ga ƙofa ba. Can na hango wani ɗan rami a ƙasa inda dabbobin daji suke kurɗawa. Na ce bisimilla na kwanta na shiga da rarrafe. Ƙaya ta kama bayana, ta kama damtsena, ta ja zanena. Ina jin fatata tana tsagewa amma ban ji zafi ba sai daga baya. Na kusa fita, har ina ganin haske, sai na ji kaina ya yi sakayau. Na waiwaya. Darar kawu tana can a baya, ƙaya ta ɗaga ta sama tana lilo. Na miƙa hannu bai kai ba. Wurin ba ya juyuwa, in kuma na ce zan koma da baya sai ƙayar ta ƙara riƙe ni. A daidai nan na jiyo ihun samari daga gwadabe, sun kusa kwana. Na bar ta na fita.

Bishiyar tana gabana, ƙatuwa, 'ya'yanta sun yi tuli suna reto. Babu kowa a gindinta, babu komai a jikinta. Daga dama kuma ga ɗan Balan ya ɓullo shi kaɗai, ya bar sauran a baya, hularsa tuni tana hannunsa. Ya gan ni, na gan shi. Ya ƙara wuta. Na fi shi kusa, amma taku ɗaya nasa uku nawa ne. Na zuba da gudu ina haki, na isa gindin, ga wani guntun reshe daidai tsawon hannuna inda Kaka ta ce kawu yake rataya darar.

Ba zan yi ƙarya in ce ban tsaya ba. Na tsaya, ko da na ƙiftawar ido ne. Na tuna 'yar da na kayar a bakin rijiya, na tuna duk watannin da na yi ina ɓuya. Na kuma ji ƙarar ƙafarsa a kan busassun ganye. Na sa hannu biyu na fizge ɗankwalin ta sama ba tare da na kwance ba, ƙullin da na yi masa da dare ya sa ya fito a zagaye kamar gammo, na cusa shi a reshen.

Ɗan Balan ya iso ya dafa bishiyar da hannu yana numfashi sama-sama. Ya dubi ɗankwalin. Ya dubi kaina. Bakinsa ya buɗe. Na ga dariyar tana tasowa, ya yi ƙoƙarin danne ta, ta fi ƙarfinsa, ya zube a ƙasa yana riƙe ciki. Ni kuwa na tsaya ƙyam, jini na bin damtsena, iskar safiya na kaɗa mini tsurar kai karo na farko cikin watanni.

Na ce, “Yi atishawar mu gani.”

Sai dariyar ta tsaya. Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa, ya dube ni da kyau, ya ga yagar da ƙaya ta yi mini. Ya miƙo mini hularsa ya ce, “Ungo, rufe kanki. Kin ci, na sallama.”

Na ce, “Riƙe abarka. Ka yi sauri ka nemi wata bishiyar kafin a cinye.” Ya girgiza kai ya juya da gudu.

Gudun bai kai jiran wuya ba. Bishiyarmu ita ce mafi nisa, don haka ita malamin daji yake zuwa wa a ƙarshe, kuma doka ta ce ɗankwali ya zauna a reshe, ni in zauna a gindi. Labari kuwa ya riga keke. Kafin hantsi waɗanda suka rasa bishiya sun fara taruwa, da yara, da 'yan matan da suka gama nasu, har 'yan makarantar tanti. Wai yarinya ce ta riga ɗan Balan, wai kuma kanta shuɗi ne. Yara suka fara tafi suna yi mini waƙa. Wata mata ta ce wayyo, wata ta rufe baki tana ƙyaƙyatawa. Hawaye ya cika mini ido, na haɗiye shi. Na ce a raina, duk wanda zai kalla ya kalla ya ƙoshi, amma ba zai ga na sunkuyar da kai ba, kuma ba zai taɓa ko ɓawon ɗorawar nan ba. Na harɗe hannu na jingina da bishiyar ina bin su da ido ɗaya bayan ɗaya. Abin mamaki, duk wanda muka haɗa ido shi yake fara kawar da nasa.

Sai na ga mutane suna darewa. Kaka ce, tana ɗingishi, zufa ta jiƙa ta sharkaf, tana dogara maƙata. A saman maƙatar kuma, a maƙale a ƙugiya, jar dara. Ashe hankalinta bai kwanta ba, ta bi sawuna har bakin kwarin, ta hango ja a cikin ƙaya, ta zura maƙatar ta zaro ta, sannan ta zagayo ta gwadabe. Ta gaya mini daga baya cewa da ta ga darar ba ni, ta ɗauka shi ke nan, bishiya ta tafi.

Ta tsaya ta dubi reshen. Ta daɗe tana duban ɗankwalin nan. Sannan ta dube ni, tun daga ƙafafuna masu jini har zuwa kaina. Ta sauke maƙatar ta cire darar, ta kakkaɓe ta kamar yadda take yi a gida, ta zo ta kifa mini a kai da hannu biyu. Wannan karon babu ɗankwali a ƙarƙashi, sai ta zurma har kan girata.

Ta juya ta ce wa jama'a, “To, kallo ya ƙare. Mai buhu ya zo ya taya mu, mai ido kawai ya kama gabansa.”

Malamin daji ya zo ya gani ya karɓa. Muka yini muna fizgar ɗorawa, ɗan Balan ma da ya gama da 'yar bishiyar da ya samu ya dawo ya hau mana manyan rassa, ba wanda ya roƙe shi. Muka sake kwana a zango a wannan dare, na yi barci kamar gawa. Washegari na shiga Gaya a gaban jaki, da jar dara a kaina, ɗankwalin kuma a ɗaure a ƙugu. Na bi ta bakin rijiya da gangan. Ina gaya muku, ko ranar da aka kai ni ɗakin miji ban yi taƙama irin ta ranar nan ba. Daddawar Kaka ta wannan shekara ba ta yanke a kasuwa ba ko sau ɗaya.

Kawu ya dawo bayan an gama yaƙi, a rame, amma da ƙafafunsa biyu, alhamdu lillahi. Lokacin gashina ya fito har ana yi mini kitso. Da bazara ta zo aka yi shelar saki, ya ce Kaka ta ba shi darar. Ta fito da ita daga adudu ta miƙa masa. Ya juya ta zai sa, sai ya ga cikinta duk ya rine ya yi shuɗi, inda zufata ta haɗu da maganin asibiti.

Ya ce, “Iya, wa ya ɓata mini hula?”

Kaka ta ce ya zauna. Ta ba shi labarin tun daga wanzami har zuwa maƙata, ni ina bakin murhu ina yi kamar ba na ji. Da ta gama ya daɗe yana kallon shuɗin nan. Sannan ya taso ya zo inda nake, ya ɗora mini darar a kan kitsona, ya ce wa Kaka, “Ba ni wata hular in yi gudun da ita. Wannan tana da mai ita.”